Jama'ar Keffi, Mu Mayar wa Kowace Magana da Sunan Mai Ita

Jama'ar Keffi, manya da yara, na Tudun Kofa da Goriya, na Liman Abaji da Gangaren Tudu, da ku ɗalibai da kuka cika Unguwar Lambu! Kira nake da babbar murya a kan wani abu da muka raina, alhali kullum yana cin zumuncinmu: yadda muke ɗaukar maganar wani mu kai wa wani.

Kowa ya duba wayarsa. Tun daga asubar yau, saƙo nawa ne ya shigo da aka buɗe shi da "an ce", ko "wani babban likita ya yi gargaɗi", ko "daga majiya mai tushe"? Wane likita? A wane asibiti yake? Yaushe ya faɗa, wa ya ji da kunnensa? Shiru. Ga muryar malami ta daƙiƙa talatin da aka yanko daga karatun awa biyu, an jefar da tambayar da aka yi masa, an jefar da sharaɗin da ya gindaya. Ga hoton hirar mutum biyu, an datse sama an datse ƙasa, an bar layin da zai ƙona zuciya kaɗai. Ga kuma ɗan'uwanka a zauren WhatsApp na dangi, zai ba ka amsa sai ya ɗauko rabin maganarka ya gauraya da tasa, har wanda ya shigo daga baya ya rasa inda bakinka ya tsaya da inda nasa ya fara. Kafin la'asar an ɓata, kafin magariba wani ya fice daga zauren, ranar suna kuma a ga kujerarsa babu kowa.

In akwai garin da bai kamata a koya wa haɗarin wannan ɗabi'a ba a duk Arewa, to Keffi ne.

A farkon Oktoban 1902, Razdan na Turawa a nan, Kyaftin Maloni, ya zo ƙofar fada yana neman ganin Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a Keffi, wanda a lokacin ƙarfin garin yana hannunsa. Mutanen biyu ba su da harshe ɗaya. Duk abin da Maloni ya faɗa sai ya bi ta bakin wani kafin ya isa kunnen Magaji, duk abin da Magaji ya mayar sai ya bi ta wannan bakin. Mai bakin shi ne Audu Timtim, tafinta kuma ɗan aiken Baturen. Masu tarihi da dama sun rubuta cewa wannan mutum ya riƙa juya magana a tsakaninsu don biyan buƙatar kansa, yana gaya wa kowanne abin da zai ƙara masa zargin ɗayan. A ranar Magaji ya fito a kan doki ya kashe Maloni, ya kama hanyar Kano. Sarkin Kano Alu ya karɓe shi da girmamawa, Gwamna Lugga kuma ya riƙe wannan a matsayin hujjarsa ta tura runduna. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, kuma a Yulin shekarar aka yi yaƙin Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama tare da ɗimbin jama'arsa.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Turawa sun riga sun ƙulla aniyar cin ƙasar nan, da tafinta ko babu shi, kuma Magaji yana da dalilansa na ƙin miƙa wuya da suka fi ƙarfin tsegumin ɗan aike. Amma ku tsaya ku kalli ranar kanta. Shugabanni biyu, kowanne da mutane masu makami a bayansa, kowanne yana yanke hukunci a kan kalmomin da bai da hanyar tantancewa. Mutum ɗaya ne ya san ainihin abin da aka faɗa, kuma ba a amince da shi a banza ba, an amince da shi ne don babu wata gada sai shi. Dutsen da ake kira da sunan Maloni yana nan cikin gari, muna wuce shi kullum. Abin da ya sauya daga wancan zamani shi ne yawan tafintoci. A da mutum ɗaya ne a tsakani. Yau duk mai waya a aljihu yana tsaye a inda Audu Timtim ya tsaya, tsakanin mai magana da dubban masu sauraro da ba su da hanyar jin ta daga tushe.

Wanda yake ganin tarihi ya yi nisa, to ga na jiya-jiya, a maƙwabciyarmu Filato, jihar da muke cikinta har 1996. A Yunin 2018, bayan kashe-kashen yankin Barikin Ladi, aka baza labari cewa wani shugaban ƙungiyar Miyetti Allah na shiyyar Arewa ta Tsakiya, Ɗanladi Ciroma, ya ce ramuwar gayya ce a kan shanun da aka sace. Cikin awanni maganar ta cika ƙasa, manya suka yi ta martani a kanta, zukata suka ƙara tafasa. Mutumin ya ce bai faɗa ba. Bayan 'yan kwanaki jaridar Premium Times ta binciki wakilinta, ta janye labarin, ta nemi afuwa. Na yaba mata da wannan, domin ba kowace kafa ke da wannan ƙarfin halin ba. To amma mutum nawa cikin waɗanda suka tura maganar farko suka tura gyaran? A cikin makon rikicin kuma aka yi ta yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook ana cewa na Filato ne. Binciken da BBC ta fitar a Nuwamban shekarar ya nuna cewa ɗaya daga cikinsu daga Kwango Barazabil ya fito, tun 2012. An cire masa wurinsa da shekararsa, an liƙa masa namu. Matafiya da ba su san hawa ba ba su san sauka ba aka tare a hanya aka kashe a wannan rikici.

Kuma wa ya manta daren gishiri? A Agustan 2014, makonni kaɗan bayan cutar Ebola ta shigo Legas, wayoyi suka yi ta ƙara cikin tsakar dare: a tashi a yi wanka da ruwan gishiri, a sha. Wannan ya ce wani basarake ne ya faɗa, wancan ya ce likitoci ne, wata ta ce daga gwamnati ne. Uwa ta tashi 'ya'yanta, ɗa ya kira mahaifinsa a ƙauye. Duk cikin ƙauna aka yi. Gari ya waye Ma'aikatar Lafiya tana ƙaryatawa, mutane suna kwance a asibitoci, har an rasa rayuka. Da mutum ɗaya a kowane gida ya tsaya ya ce "in ji wa?", da saƙon ya mutu kafin asuba.

Garinmu mahaɗa ne. Hanyar Abuja, hanyar Akwanga da hanyar Nasarawa duk a nan suke gamuwa. Bahaushe da Bafulatani, Gwandara da Gbagyi, Eggon da Mada da Afo, Musulmi da Kirista, kasuwa ɗaya muke ci, mota ɗaya muke shiga zuwa Masaka da Mararaba. Dubban matasa daga kowane lungu na Najeriya suna karatu a Jami'ar Jihar Nasarawa. A irin wannan wuri, jimla ɗaya da aka jingina wa liman ko fasto ko sarkin wata ƙabila, alhali bai faɗe ta ba ko bai faɗe ta haka ba, tamkar ashana ce a rumbun kaka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mu ne magadan al'adar da ta fi kowace tsanani a kan wannan batu. Malaman Hadisi ba su karɓar magana sai da isnadi: wane ya ji daga wane, wane daga wane, har zuwa tushe, kuma kowane mutum a cikin sarƙar sai an binciki gaskiyarsa da ƙarfin haddarsa, an tabbatar ya yi zamani da wanda ya ce ya ji daga gare shi. Imamu Buhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya kwashe shekara 16 yana tace littafinsa a kan wannan ma'auni. Sun bambanta wanda ya ji da kunnensa da wanda aka karanta a gabansa. Wanda ya ɓoye ainihin mutumin da ya ji magana daga gare shi, ya nuna kamar daga na sama ya ji, sun ɗauki aikinsa aibi mai suna tadlisi. Har kuskuren nan da muke yi kullum a waya, na cusa bayaninmu cikin maganar wani ba tare da shinge ba, sun san shi, sun ware masa babi, suna kiran irin wannan ruwaya mudraji. Haɗibul Bagadadi, wanda ya rasu a 463, littafi sukutum ya rubuta don raba kalmomin masu ruwaya da ainihin matani. Shekara kusan dubu ke nan. Har gobe in malamin zaure ya kawo hadisi bai tabbatar da lafazinsa ba, za ka ji ya rufe da "au kama ƙala", wato yana shaida wa masu sauraro cewa ma'ana ya kawo, kada su riƙe kalmominsa a matsayin na asali.

Ba a Bagadaza abin ya tsaya ba. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya rubuta Asanidul Faƙir, inda ya jera sarƙoƙin da iliminsa ya biyo. Ƙaninsa Abdullahin Gwandu ya rubuta Ida'un Nusukhi, ya ambaci malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowanne. Mutanen da duniya ta sallama wa a ilimi ba su ji kunyar cewa "daga wane na samo" ba. Wasiƙun sarakunanmu da sunan mai aikowa suke farawa, da hatiminsa a kai. Mai shela ma in ya fito da ganga, sai ya fara da cewa Sarki ya gaishe ku, kafin ya faɗi saƙo, don kowa ya san bakin wa yake ari. Aya ta 6 a Suratul Hujurati a kan bin diddigin labari take, Suratun Nur kuma ta tsawata wa waɗanda suka karɓi ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha daga baki zuwa baki. 'Yan'uwanmu Kirista suna da haramcin shaidar zur a cikin Dokoki Goma, Linjilar Luka kuma da bayanin bin diddigi daga shaidun gani da ido ta buɗe. Ko kotun zamani ba ta gina hukunci a kan "na ji an ce". To da wace hujja mu, jikokin waɗannan mutane, za mu zama masu tura duk abin da ya faɗo hannunmu?

Na san abin da za a ce: "Ni ma turo mini aka yi." Wannan ba ya wanke kowa. Lokacin da ƙanwarka ta ga saƙon, sunanka ta gani a kansa, kuma don ta yarda da kai ta yarda da shi. Ka ara wa maganar mutuncinka ko ka sani ko ba ka sani ba. Kamfanin WhatsApp ya sa alamar da ke nuna saƙo turowa aka yi tun 2018, a 2019 ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda. Alamar tana gaya maka cewa saƙon ya yi yawo, amma ba ta gaya maka daga ina ya taso ba. Wannan aikin naka ne. Yanzu kuma da kwamfuta ke iya kwaikwayon muryar mutum har iyalinsa su ruɗe, jin murya kaɗai ya daina zama shaida.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, kuma babu wanda ya fi ƙarfin talaka. In za ka kawo maganar wani, faɗi sunansa, faɗi inda ya yi ta da lokacin. In kai ka ji da kunnenka, ce ka ji. In gaya maka aka yi, ambaci wanda ya gaya maka, ko aƙalla ka bayyana cewa ba daga tushe ka samo ba. In za ka mayar wa mutum martani a rubuce, ɗauko daidai gaɓar da kake amsawa, cikakkiya, da "amma" ɗinta da "idan" ɗinta, ka ajiye ta gefe guda yadda kowa zai gane tasa ce, sannan ka kawo taka a ƙasa. Kada ka kwaso doguwar hira gaba ɗaya ka jibge wa mutane don amsa layi ɗaya, kada kuma ka tsinke layin daga jikinsa har ya koma faɗin abin da mai shi bai nufa ba. In ka taƙaita, ce ka taƙaita. In fassara ka yi daga Turanci ko Larabci, faɗa, domin mu a Keffi mun san abin da fassara ke iya haifarwa. Abin da aka gaya maka a keɓe kuma, amana ne, kada ka ɗauki hotonsa ka kai taro sai da izinin mai shi.

Akwai ɗaya ɓangaren da ba a cika kulawa da shi ba, wato cire sunan mai magana don a ci moriyarta. Yarinya za ta kwana tana rubuta labari, matashi zai tsara waƙa ko nasiha mai ratsa jiki, kafin kwana biyu rubutun ya zaga duniya babu sunansu, wani lokaci ma da sunan wani. Wanda ya ji ɗan nauyi sai ya rubuta "an kwafo" a ƙasa, kamar wannan ya biya haƙƙi. Daga wa aka kwafo? Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma gumin mai ita ne. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta tabbatar wa marubuci 'yancin a ambaci sunansa a kan aikinsa, amma tun kafin doka, kunya ta isa ta hana mutum shiga taro da rigar wani yana cewa tasa ce.

Ya ku malamanmu da limamai da fastoci, ku ne aka fi yi wa wannan zalunci, ku ne kuma kuka fi kowa ikon magance shi. Ku hana almajiranku yanko maganar wani malami don a ci masa fuska. In za a yi raddi, a kawo karatun mutum cikakke, a faɗi ranar da ya yi shi, a bincika ko ya janye daga baya. Ku ware huɗuba guda ko wa'azin Lahadi guda a kan amanar magana. Ku kuma riƙa ajiye cikakken karatunku a inda kowa zai iya samu, don in an yanke a sami abin komawa.

Ya ku malaman jami'a, da na Kwalejin Gwamnati ta Keffi da ta yaye mutane irin su marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, da na sauran makarantun boko da Islamiyya: ambaton madogara kada ya zama abin da ɗalibi zai fara ji sai ya zo rubuta kundin kammala digiri. Tun daga firamare a saba wa yaro, in ya ce "an ce", a tambaye shi wa ya ce. Ku ɗalibai kuma, ku ne kuka fi iya waya a gidajenku. In iyayenku sun turo abin da ba shi da tushe, kada ku yi musu dariya, kada kuma ku yi shiru. Cikin ladabi ku ce, "Baba, bari in duba mana inda wannan ya fito." Akwai masu aikin tantance labarai irin su Dubawa, akwai kafofin da ke da ofis da suna da wanda za a kama in sun yi ƙarya. In maganar lafiya ce, ga Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a cikin garinmu, a tambayi ma'aikacinta da za a iya kiran sunansa.

Iyayenmu mata, a gidan biki da wurin awo, in wata ta kawo "wance ta ce", a tambaye ta ko a gabanta aka faɗa. Aure nawa ne ya mutu a kan maganar da aka ƙara wa gishiri tsakanin ɗakin uwar miji da na amarya? 'Yan majalisar mai shayi, 'yan acaba, direbobin tasha, labari a bakinku yake kwana ya tashi, ku zama masu tace shi. 'Yan siyasa da yaransu masu riƙe musu waya, zaɓe zai zo ya wuce, amma ƙaryar da kuka jingina wa abokin hamayya za ta zauna tsakanin gidaje biyu har jikoki.

Masu unguwanni da dagatai, ina roƙon ku kai wannan batu gaban Mai Martaba Sarkin Keffi, Dakta Shehu Chindo Yamusa na Uku, domin kalma ɗaya daga fada ta fi rubutu irin nawa dubu. Ku kuma masu kula da zaurukan waya na unguwa, na masallaci, na coci, na tsofaffin ɗalibai da na 'yan kasuwa, kada ku jira kowa. Yau ɗin nan ku rubuta ƙa'ida ku kafe ta a saman zaure: duk saƙon da ya jingina magana ga wani mutum, sai da sunansa da wuri da rana, in babu a goge shi. Wanda kuma ya turo abu daga baya ya gano ba haka ba ne, ya dawo wannan zauren da kansa ya gyara, ya kuma bi duk inda ya tura ya kai gyaran.